Wasan ɗaure ido na tsofaffin Japan: da me za a haɗa shi, kuma ya ma dace a yi?

Maman Hanifa, Nagoya:
Assalamu alaikum 'yan gida. Masu sana'ar hannu nake nema, musamman teloli. A inda nake ɗan taɓa aiki, wata cibiya ce da tsofaffi ke wuni a cikinta, an ɗora mini haɗa kayan wani wasa da za a yi da su a makon farko na Janairu. Sunansa fukuwarai. Ana shimfiɗa zanen fuska babba a kan tebur, fuska fayau, ba ido ba hanci ba baki, sai gashi da zagayen kumatu. Sai a ɗaure wa mutum ido da ƙyalle, a riƙa miƙa masa sassan ɗaya bayan ɗaya, ga gira, ga ido, ga hanci, yana lalube yana ajiyewa inda yake zaton nan ne wurinsu. In ya gama a kwance masa. Abin da zai tarar shi ne wasan gaba ɗaya: baki a goshi, ido ɗaya ya hau kunne, hanci a kwance. Ana sayar da na takarda a shagunan yen 100 irin su Daiso, amma ƙanana ne sirara, yatsun tsoho ba sa iya tsintarsu daga kan tebur. Shi ya sa cibiyoyi da yawa da hannu suke yin nasu. Da me zan yi sassan su yi kauri, ba sa zamewa, kuma a iya goge su bayan an gama?

Tela Mai Keke:
Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Ki samu kwalin katan mai ƙarfi, ki yanka siffar da kike so sau biyu, ki haɗa da gam, sannan ki lulluɓe da yadi ki ɗinke bakin da hannu. In kina so ya yi tudu ki cusa ɗan soso tsakanin kwalin da yadin. Amma nawa ne girman fuskar?

Maman Hanifa, Nagoya:
Ina so ta kai faɗin faranti babba na cin abinci, ko ta ɗan fi. Na bara da na tarar a kabad takarda ce da aka manna wa roba, sai santsi. Mutum ya ajiye ido, hannun rigarsa ya share shi ƙasa.

Baba Na Fagge:
Tsaya tukuna 'yata, kafin a kai ga kwali da gam. Ni na karanta sau biyu ban gane ba. Dattijo mai shekara tamanin, mai 'ya'ya da jikoki, a zaunar da shi a tsakiyar mutane, yarinya sa'ar jikarsa ta ɗaure masa ido, ya yi shirme a yi ta ƙyaƙyata dariya? Wannan shi ne kula da tsofaffin? Ni na haura saba'in, kuma wallahi duk wanda ya tunkaro ni da ƙyalle zai ji a jikinsa.

Ɗan Maraɗi:
Hhhh Baba a yi haƙuri, ba a kai gare ku ba tukuna.

Maman Hanifa, Nagoya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba wasan da ma'aikata suka ƙirƙiro suka ƙaƙaba musu ba ne. Nasu ne tun suna yara, su suke koya mana ma. Ni da wata abokiyar aikina 'yar Filifin, wata tsohuwa ce ta zaunar da mu ta nuna mana cewa girar Okame a can saman goshi take, gajeru ne kamar ɗigo, ba a bakin ido ba. Kuma ba a tilasta kowa. Wanda ya ce a'a sai ya koma cikin masu ba da umarni, su ne ma suka fi kowa hayaniya.

Baba Na Fagge:
Wace ce kuma Okame?

Ɗalibi a Sendai:
Baba bari in shigo nan. Fuskoki biyu ne aka fi yin wasan da su tun da. Okame, wasu su ce Otafuku, mace ce mai cikakkun kumatu, faffaɗan goshi, ɗan ƙaramin hanci, kullum cikin murmushi. Abokin tafiyarta Hyottoko, namiji ne da ya turo baki ya karkace shi gefe, kamar mai hura wuta, sau da yawa da ƙyalle ɗaure a kansa. Fuskokin barkwanci ne da ake sawa a raye-rayen bukukuwan gari, don haka tun kafin a taɓa su ma abin dariya ne. Ana kai tarihin wasan zuwa ƙarshen zamanin Edo, wanda ya ƙare a 1868, kuma a zamanin Meiji da ya biyo baya ya zauna daram a cikin wasannin sabuwar shekara, tare da karuta na kati, da sugoroku na jefa ɗan lido, da tashin filfilon takarda mai zare. Suna da karin magana cewa arziki gidan da ake dariya yake shiga, to ana so a buɗe shekara da dariya. Tsofaffin da Maman Hanifa ke kula da su 'yan zamanin Showa ne, wanda ya fara a 1926 ya ƙare a 1989. A ƙuruciyarsu mujallun yara na watan Janairu kan zo da irin waɗannan wasanni a ciki kyauta, a yanka da almakashi a zauna a tabarma da iyaye da kakanni. Yaran yanzu waya ta ɗauke musu hankali. Kusan a ce makarantun renon yara da cibiyoyin tsofaffi ne suka riƙe shi.

Baba Na Fagge:
Na gode ɗana. Amma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: da iyaye da kakanni, a cikin gida. Can daban. Mu ma nan jika yana wasa da kakansa, ya fizge masa hula, ya ce da kakarsa matata, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya, don al'ada ta ba shi wannan lasisin. Ɗan cikinka bai isa ya yi maka haka ba, balle bare. Tambayata ita ce wa ya ba ma'aikaciyar da ake biya albashi lasisin jika?

Sista Ta Zariya:
Wannan tambayar ta Baba tana da nauyi, kada a share ta da dariya. Ni ta wani ɓangaren zan zo. Na yi jinyar tsofaffi da yawa, kuma rufe ido ba ƙaramin abu ba ne ga wanda gigin tsufa ya fara taɓawa. Mutumin da dama yana fama da gane inda yake, ka ɗauke masa gani, ga hayaniya ta ko'ina, yana iya firgita ya fara fizge-fizge. Sannan tsoho da ido yake taimakon ƙafarsa wajen tsayuwa. Ka rufe idon yana tsaye, jiri ya kwashe shi, ƙashin ƙugu ya karye, wani daga nan bai ƙara tashi ba. Maman Hanifa, a tsaye suke yi?

Maman Hanifa, Nagoya:
A zaune Sista, a kujera mai hannu, ma'aikaci ɗaya a gefe. Na bango da ake mannawa a farin allo da mayen ƙarfe, ma'aikata ne ke yin wannan su kuma su kalla. Maganar gigin tsufa kuma gaskiyarki. Akwai waɗanda ba ma ɗaure musu komai, sai a ce su runtse ido da kansu, in suka ji ba daɗi su buɗe. Rabinsu leƙe suke yi, kowa ya sani, ba mai magana. Wasu kuma a ba su ƙyallen su riƙe da hannu ɗaya a fuska. Ƙyallen da aka saba da shi tenugui ne, siririn tawul na auduga, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, kuma tun bayan korona kowa da nasa, ba a karɓa-karɓa.

Sista Ta Zariya:
To madalla. Amma ki kula da mayen ƙarfen nan. In ƙanana ne kada ki manna su a waje da gam kawai, ki ɗinke su a ciki. Mai gigin tsufa yana iya ɓamɓare shi ya kai baki a zaton alewa ce, kuma in aka haɗiye biyu suna iya kama juna ta cikin hanji su huda shi. Haka maɓalli, kada ki yi ƙwayar ido da maɓalli.

Maman Hanifa, Nagoya:
Kin ga abin da ya sa na kawo maganar nan. Dama watan Janairu hankalinmu a tashe yake saboda mochi, wannan curin shinkafar mai danƙo da suke ci a sabuwar shekara. Duk shekara sai ya shaƙe tsofaffi, hukumar kashe gobara ta Tokiyo kullum cikin gargaɗi take. Mu a cibiyarmu ba a ba da shi sam.

Malam Na Tudun Wada:
Salamu alaikum. Ban zo hana kowa neman halalinsa ba, amma akwai abu biyu da ya kamata 'yar'uwa ta duba. Na farko, zana fuskar mai rai, an san maganganun malamai a kai. Na biyu, na ji an ce ana yi ne don arziki ya shigo gida. In akwai wannan ƙudurin, ina matsayin musulma da ta haɗa kayan da hannunta?

Ɗalibi a Sendai:
Malam, yadda na gani a nan, ba a yi masa wata addu'a, ba a kai shi wurin bauta, ba a ajiye shi a wani wuri na musamman. An gama a mayar da shi kwali sai baɗi. Abubuwan addininsu na sabuwar shekara daban suke, kamar ziyarar farko da suke kaiwa wuraren ibadarsu a kwanaki ukun farko. Wannan wasa ne na tsakar ɗaki.

Malam Na Tudun Wada:
Na ji. A ɓangaren sura kuma, gaskiya akwai sassauci da malamai suka yi a kayan wasa, saboda hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kuma wasu sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura da wadda ba ta cika ba. Sai dai wancan a kan yara aka yi maganarsa. Ni shawarata, tunda da hannu za ki yi, me zai hana ki yi abin da ba shi da rai? Ki zana mota ba taya ba ƙofa ba fitila, su lalubo su saka. Kin huta da shubuha.

Maman Hanifa, Nagoya:
Allah ya saka da alheri Malam. An taɓa gwada irin wannan da zanen gida, taga da ƙofa da rufi. Ba wanda ya yi dariya. Taga ta karkace, to sai me? Amma gira ɗaya ta ɗan sauka kaɗan, nan take fuskar ta zama ta mai fushi, ko mai jin barci, ko wadda aka ci bashinta ba a biya ba. Idon ɗan Adam a kan fuska yake, kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba sai ya karanta mata ma'ana. Sai ka ji wata ta ce wannan ai mijina ne in an tashe shi da asuba, ɗakin ya kwashe. Abin da zan iya yi shi ne in koma fuskar mage ko ta dabbar shekarar, don duk shekara da dabbarta a lissafinsu kuma ana yin wasan da ita. Zan tambayi malaminmu na masallacin nan in ji.

Malam Na Tudun Wada:
Mage ma mai rai ce, amma tambayar malamin da ya san halin da kuke ciki a can ita ce daidai. Allah ya sa mu dace.

Hajiya Uwar Marayu:
Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Ina 'ya'yansu? A ce ranar biki guda uwarka tana can wata 'yar Najeriya da 'yar Filifin ne ke sa ta dariya. Allah ya raba mu da wannan ci gaban.

Maman Hanifa, Nagoya:
Hajiya, ba gidan ajiye tsofaffi ba ne, a gidajensu suke kwana. Mota ce ke zagayawa da safe ta ɗauko su, a auna musu jini, a yi musu wanka, su ci abincin rana, a motsa jiki, a yi wasa, kafin magariba an mayar da kowa. Daga ɗaya zuwa uku ga Janairu cibiyarmu a rufe take, suna tare da iyalansu, shi ya sa namu wasan sai an dawo. Kuma ki duba lissafin ƙasar: kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai 65 ko sun haura, waɗanda suka cika shekara 100 sun fi 90,000. Za ki ga mai shekara 95, 'yarta da ke kula da ita tana da 70, ita ma da nata ciwon gwiwar. Tun shekarar 2000 suka kafa inshorar kula da tsofaffi, kowa yana fara biya daga shekara 40, in ya tsufa ya buƙaci irin wannan hidimar yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin zai biya. Ban ce ba kaɗaici ba, akwai shi sosai, wasu su kaɗai suke zaune a gida. Irin waɗannan ranar zuwansu cibiya ce ranar da suke jin muryar mutum.

Hajiya Uwar Marayu:
Allah sarki. To Allah ya ba ki lada. Amma dai ni ban sauka daga ra'ayina ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya mu ma fa mu duba namu. Kakata tana cikin gida cike da mutane, amma tun da yanar ido ta rufe mata ido ɗaya ta daina saƙa, wuni take a ɗaki. A kai mata abinci, a gaishe ta, a fita. Maza tsofaffi ko ba komai suna da dara a gindin bishiya da majalisa. Ita fa? Ni wallahi zan haɗa mata wannan abin, kuma Baba Na Fagge ya riga ya ba ni fatawa, ni jika ne.

Baba Na Fagge:
Kai ɗan nema, ban ba ka fatawa ba. Amma kai da kakarka ba mai shiga tsakaninku. Har yanzu 'yata ta Nagoya ba ta amsa mini tawa ba.

Maman Hanifa, Nagoya:
Baba ina ta juya ta ne. Ga abin da na gani da idona. Wanda ake fara ɗaure wa ido shugaban cibiyar ne, mutum mai taye da kowa ke rusuna wa. Tsofaffin ne ke ba shi umarni, kuma da gangan suke ɓatar da shi. Wannan ta ce sama, wancan ya ce ƙasa ƙasa, wata tsohuwa da ba ta cika magana ba ta ɗaga murya ta ce daidai, nan ne, alhali bakin yana kan kunne. Bara ma hotonsa aka buga babba aka yayyanka, da gashin bakinsa da tabaransa, aka yi wasan da fuskarsa. In an gama da shi sai mu ma'aikata. Kafin a zo kan tsofaffin kowa a ɗakin ya riga ya sha dariya, har sai ka ga suna rige-rigen karɓar ƙyallen. To ban sani ba ko wannan ya kai lasisin jika, amma wanda ya fara miƙa tasa fuskar aka yi mata dariya, ina ganin ya biya wani abu. Kuma in aka kwance ido, kowa tebur yake kallo, har wanda ya yi. Ba a cewa wane ya kasa. Babu ma wanda ke son ya yi daidai, fuskar da ta fito daidai ita ce ba a tafa wa.

Baba Na Fagge:
To wannan da sauƙi. In babba ya fara sunkuyawa, magana ta canza. Amma ki riƙe wannan: ranar da kika ga ana dariyar rawar hannun mutum ba fuskar takardar ba, ki tsayar da wasan ko da shugaban naku yana wurin. Kuma kada a ɗauki hoton kowa ido a ɗaure a watsa.

Sista Ta Zariya:
Rawar hannun nan ma aikin mai haɗa kayan ne ya rufa mata asiri. In sassan suna da nauyi kuma suna kama shimfiɗar, mai karkarwa zai ajiye su zauna. In takarda ce mai santsi, kowa zai ga yana ta kokawa da ita. Ki tuna da masu shanyewar ɓarin jiki, hannu ɗaya gare su, ba mai riƙe musu fuskar, don haka ki manne ta da tebur ta kusurwa huɗu.

Tela Mai Keke:
To tunda an dawo kan sana'a. Ki bar maganar roba. Ki nemi wannan yadin mai kauri mai gashi-gashi wanda ba ya zarewa in an yanka, irin na kayan wasan yara. Shi a kan ɗan'uwansa kamawa yake, ba ya zamewa, ba kya buƙatar mayen ƙarfe ma. Shimfiɗar da shi, sassan da shi. Kada ki sa abin mannewa irin na takalmin yara, yana kamawa da ƙarfi, in mutum ya ajiye ba zai iya gyarawa ba sai ya ɗago fuskar duka. Sannan tunda ba gani za su yi ba, ki sa kowane sashe ya faɗi sunansa a hannu: gira da zaren ulu, hanci ki cusa masa auduga ya yi tudu, leɓe da yadi mai sulɓi, kumatu zagayayyu masu laushi. Zagayen fuskar kuma ki bi shi da igiya siririya ki ɗinke, yatsa ya ji inda haɓa ta ƙare. Goge shi ne dai ba zai yiwu ba, sai dai ki yi saiti biyu ko uku ki riƙa wankewa da hannu.

Maman Hanifa, Nagoya:
Igiyar nan ta burge ni. Amma anya in aka sauƙaƙa haka ba za su riƙa yin daidai ba? Kin ji fa daidai ba a so.

Tela Mai Keke:
Ba za su yi ba. Sanin inda haɓa take bai hana ido ya juye ba. In kina tsoro ki yi baki iri uku, mai dariya, mai kuka, da turarre irin na wancan mai hura wutar, ki zuba a jaka su zaro ba su san wanda ya fito ba.

Ɗan Maraɗi:
Anti Tela, ni da ba ni da wannan yadin a kusa fa? Kuma ta ina zan zauna in ina gaya mata dama da hagu? Na gwada da ƙanwata yanzu da takarda, ina gabanta, na ce dama ta yi haguna, muka rikice.

Maman Hanifa, Nagoya:
Ka zauna a gefenta ku fuskanci waje ɗaya, ko ka bar dama da hagu ka ce wajena, wajen ƙofa. Mu tsofaffinmu ba su damu ba, rikicewar ce suke so.

Tela Mai Keke:
Ɗan Maraɗi ka samu tsohon bargo ka yanka, shi ma yana kamawa. In ka rasa, tsohon tawul a ƙasa, kwalin da ka lulluɓe da yadin flanel a sama. Kuma ka yi masu girma sosai tunda idonta ɗaya ne, launi mai ƙarfi a kan fari, don in ta buɗe ta ga abin da ta yi ba sai an gaya mata ba.